Yadda Za Ka Kai Surukinka Tsibiri a Kwale-kwale Ka Dawo da Yardarsa

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan kana Faransa, kana neman aure, kuma waliyyin yarinyar ya shafe wata shida yana leƙenka ta saman tabarau, bai ce e ba, bai ce a'a ba, to yau wahalarka ta zo ƙarshe. Ga dabara mai matakai tara. Sau ɗaya tak aka gwada ta, kuma ta ci ɗari bisa ɗari. Na yi maka alkawari, in ka bi ta sau da ƙafa, surukinka da hannunsa zai ɗauki waya ya kira gida ya shaida musu cewa tun da yake bai taɓa ganin yaro irinka ba.

A kan abokina Sabo aka gwada ta. Yana son Nuriyya, tana sonsa. Mahaifinta da ke Tahoua ya ce shi daga can ba ya hango abin da ke Faransa, don haka ya damƙa maganar a hannun ƙaninsa, Alhaji Moussa na La Courneuve. Abin da Alhaji ya ce shi za a yi. Alhaji kuwa ya ƙi cewa komai.

Mataki na 1: Ka tabbata ba ka san ruwa ba

Wannan shi ne tushe. Wanda ya san ruwa yana tsoronsa, mai tsoro kuwa ba zai kai mataki na biyu ba.

Sabo ɗan Damagaram ne, garin da babban ruwan da yaro ke tasowa yana gani shi ne na cikin jarka. Ya zo Villeurbanne, nan gefen Lyon, ya yi shekara bakwai yana karatun yadda ruwa ke tafiya a cikin bututu, har aka ba shi digirin dakta. Tun daga ranar ya ɗauka duk ruwan duniya yaron gidansa ne. Nuriyya kuwa, wadda ke aikin haɗa magunguna a Lyon, shekararta uku tana tuƙa kayak duk Asabar a kogin Saône, wato ɗan siririn kwale-kwalen nan na roba da ake tuƙawa da filafili mai baki biyu. Sabo ya bi ta sau huɗu. Ya kife sau biyu. A na biyar ya fara gyara wa mai koyarwa riƙon filafili.

Kai ma haka za ka yi. Asabar huɗu sun ishe ka, sauran ai lissafi ne.

Mataki na 2: Zaɓi kogin da ya fi ƙarfinka

Kada ka tsaya a Saône inda tsofaffi ke shawagi suna hira. Buɗe taswira ka nemi kogin da ko masu shekara goma a harkar sai sun yi shawara kafin su shige shi. Sabo ya ɗora yatsa a kan Gironde, can bayan Bordeaux, inda kogi ke haɗuwa da teku, ga tsibirai zube a tsakiya.

Bari in yi maka bayani, tunda mu mutanen tudu ne. Kogin da muka sani a gida mai hankali ne. Gabansa ɗaya, ya cika da damina, ya janye da rani, kowa ya san watansa. Wannan kuwa damina biyu da rani biyu yake yi kullum. Teku ta turo shi ya cika har ya riƙa gudu da baya, bayan kamar sa'a shida ta janye shi ya zube, ya bar taɓon da zai haɗiye mutum har cinya. Ba ya jiran kowa ya gama gaisuwa. Riƙe wannan da kyau, domin nan gaba za a buƙaci ka yi kamar ka manta.

Da Sabo ya nuna wa Nuriyya taswirar, ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Sabo, wancan ba wurin koyo ba ne hwa. Mare ba ta wasa."

Mare ita ce wannan cikowa da janyewa. Sabo ya yi murmushin masu digiri, ya tuna mata cewa shafi ɗari uku ya rubuta a kan ruwa.

Mataki na 3: Ka bari suruki ya gayyaci kansa

Kada ka gayyace shi, rashin kunya ne. Je gaisuwa kawai, ka bar bakinka ya zame.

Sabo ya hau jirgin ƙasa zuwa Paris, ya hau bene hawa na tara a La Courneuve, ya tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa. Alhaji Moussa shekararsa ashirin da takwas yana sauke akwatunan kifi a kasuwar Rungis, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka jirgin ruwa ba. Aka yi gaisuwar gida, ta aiki, ta gajiya, ta sanyi duk da cewa bazara ce, aka gaida mutanen Damagaram unguwa-unguwa, aka dawo ta gajiya. Sai da aka ci minti ashirin sannan Alhaji ya gyara tabarau.

"To, Likita, mi ake ciki?"

"Lahiya lau, Baba. Dama muna son mu ɗan tahi wani tsibiri ne da kwale-kwale. Ni da Nuriyya da abokina Nazir."

"Kai da wa?"

"Da abokina Nazir, Baba."

"Kahin shi."

Sabo ya dubi kafet.

"Ɗiyata ba ta shiga ruwa da namijin da bai kai ko goro gidanmu ba," in ji Alhaji. "Sai dai in ina ciki. Wace rana ce?"

Sabo ya sauko daga benen nan yana tsallake matakala biyu-biyu don murna. Yini guda cur, shi da Alhaji a jirgi ɗaya, wurin da babu ƙofar da tsoho zai bi ya ce bari ya shiga ciki ya fito. In bai sami amsa ranar ba, ba zai taɓa samu ba.

Nazir ɗin ni ne. Za ka ji amfanina a gaba.

Mataki na 4: Tsara takardar da ba za ka bi ba

Nan ne wurin nuna ilimi, kada ka yi rowa. Sabo ya yi mako uku yana tsara tafiyar a kwamfuta. Ya samo jadawalin mare, ya samo na iska, ya auna nisa, ya zana layuka kore da shuɗi, ya kai aka rufe masa takardar da leda don kada ta jiƙe. Wallahi tsarin ya yi kyau, ban ƙi a rataya shi a falo ba.

Ga abin da ke ciki a taƙaice. Ruwa zai cika taf da ƙarfe takwas na safe. Mu bar gaɓa shida da rabi, cikowa ta tura mu sama zuwa tsibiri. Mu karya kumallo. Mu bar tsibirin kafin tara da rabi, janyewa ta mayar da mu inda muka fito. Ya zagaye tara da rabi da jan biro har sau biyu.

Nuriyya ta duba layi-layi, ba ta sami kuskure ba, abin ya burge ta, ta kuma faɗa masa. Sannan ta ɗora yatsa a kan jan zagayen.

"In mun wuce wannan, taɓo zai rufe mu. Sai shida da rabi na marece. Ka gane?"

"Na gane."

"Kai ne shugaban tahiya. In lokaci ya yi, kai za ka ce a tashi. Ka yarda? Dakor?"

"Dakor," in ji Sabo, har da dukan ƙirji.

Mataki na 5: Loda kaya kamar mai zuwa suna

Littattafan Turawa za su ce ka rage nauyi. Su ba su da suruki. Ka ɗauki darduma, kilishi, burodi, dabino, buta, da hular Alhaji ta biyu ko da iska ta ɗauke ta farko. Rigar ruwan da ke hana nutsewa, a ɗora ta a kan babbar riga, domin ba za ka iya cewa dattijo ya tuɓe ba. Sai da mu biyu muka taru kafin igiyarta ta kama.

Fiye da komai, ka tafi da mai dafa shayi. Ba shayin jaka da ake tsomawa a ruwan zafi ba, kada ka zubar da mutuncinka. Shayi na gida, a ƙaramar buta, a kan ɗan murhun waya, da gawayi, ana ɗaga shi sama ana tsiyayawa har kumfa ya tsaya. Dahuwa uku ce: ta farko mai ɗaci, ta biyu mai dama-dama, ta uku mai zaƙi. Duk wanda ya tashi a Nijar ya san ba a tayar da babba daga tabarma tsakanin ta biyu da ta uku. Ni kuma duk Villeurbanne an san ba na gaggawar shayi.

Mataki na 6: Kai ka tuƙa, shi ya ba da umarni

Mun kwana a wani ƙauye a bakin kogin inda muka yi hayar jirage, muka shiga ruwa shida da rabi daidai. Nuriyya a jirginta, ni a nawa, Sabo da Alhaji a mai kujera biyu. Alhaji a gaba, ya ɗora filafili a kan gwiwa kamar sandar girma, bai tsoma shi a ruwa ko sau ɗaya ba.

"Likita, hagu. A'a, ɗaya hagun."

"To, Baba."

"Ruwan ga kalar koko gare shi. Nan kihin da nake saukewa ke kwana? Shi ya sa shike wari."

"Haka ne, Baba."

Kogin nan faɗi gare shi, ɗaya gaɓar da ƙyar ake hango ta. Duk lokacin da igiyar ruwa ta mari gefen jirgi, Alhaji sai ya yi salati ya kama duk ɓangarorin biyu, jirgin ya yi tangaɗi, Sabo ya daidaita shi da ƙugu yana cewa babu komai. Da ya ɗan saba, sai ya zaro salula ya kira Hajiya a La Courneuve ta bidiyo, ya juya gaba ɗaya don ya nuna mata mai tuƙa shi. Yadda ba su kife ba, wannan tsakanin Sabo ne da Ubangijinsa. Mun isa tsibiri takwas saura kwata, rigarsa sharkaf, amma Alhaji ya dafa kafaɗarsa wajen fita ya ce, "Sannu, Likita." Sabo ya ji kamar an riga an ɗaura.

Mataki na 7: In aka tambaye ka, ka ce babu sauri

Karanta wannan sau biyu, domin duk sauran matakan rakiya ce.

Muna sauka Nuriyya ta tsinci wani kara ta kafa shi daidai bakin ruwa. Aka shimfiɗa darduma a ƙarƙashin itace. Na zazzage gawayi, ashe ya sha ruwa a hanya. Na yi ta fifita. Dahuwar farko ba ta sauka ba sai tara saura minti goma. Alhaji ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce rabonsa da irin wannan tun Tahoua, sannan ya ɗauko labarin zuwansa Faransa tun daga filin jirgin Yamai. Sabo ya dubi agogo.

Dahuwa ta biyu ta sauka tara da minti ashirin. Karan Nuriyya yanzu a tudu yake tsaye, ruwa ya ba shi taku uku, tsakaninsu wani baƙin abu mai sheƙi. Sabo ya dubi karan, ya dubi agogo, ya dubi Alhaji, ya sake duban agogo. Nuriyya tana kallonsa tana jira. Ya buɗe baki, sai Alhaji ya shiga labarin sanyin shekararsa ta farko, ya rufe. Na zuba ruwan dahuwa ta uku.

Da ta ga shugaban tafiya ya zama gunki, Nuriyya ta matso ta durƙusa.

"Baba Moussa, ruwa na tahiya. Ya kamata mu tashi yanzu-yanzu."

Alhaji ya dubi ɗan kofin da ke hannunsa, ya dubi butar da ke kan wuta.

"Na ukun hwa?" Ya juya. "Likita, kai ka karanci ruwa. Akwai sauri?"

Sabo ya san amsar. Shi ya rubuta ta, shi ya zagaye ta da jan biro, tana rataye a wuyansa cikin leda. Tsoro ya kama shi, ba na taɓo ba, na dattijon nan da ya dafa kafaɗarsa ɗazu, wanda yau ne karon farko da ya saki fuska da shi. Ya ji muryar duk wanda ya taɓa rainonsa yana cewa yaro ba ya tayar da babba, balle suruki, balle da kofi a hannu. Bai dubi Nuriyya ba.

"Babu sauri, Baba. Ku sha shayinku."

"Kin ji ko?" in ji Alhaji. "Ku ɗiyan zamani komi gaggawa. Mutum da digirinshi ya ce babu sauri."

Nuriyya ta kau da kai. Ta tashi, ta koma bakin jirginta ta zauna. Tana iya tura shi ta tafi, a lokacin akwai sauran hanya, amma ba ta tafi ba.

Mataki na 8: Gwada taɓon da ƙafarka

Dahuwa ta uku ta sauka goma da 'yan mintoci, kuma ba yabon kai ba, ta yi daɗi. Da muka miƙe, kogi ya yi ƙaura. Yana can nesa yana ƙyalli, tsakaninmu da shi fili guda na taɓo.

A nan dole ka nuna jarumta. Sabo ya naɗe wando, ya ja igiyar jirgi, ya yi taku huɗu. A na biyar ya nutse har cinya. Sai da na kwanta rub da ciki na miƙa masa filafili muka jawo shi. Takalminsa na hagu yana can har yau.

Sa'a takwas da wani abu muka yi a tsibirin nan. Nuriyya ce ta kira masu hayar jiragen ta ce muna lafiya kada a fito nemanmu, ita ta raba ruwan sha da na alwala, ita ta ja jiragen inuwa. Sauro ya yi walima da mu. Alhaji kuwa ya yi barcin da ya ce rabonsa da irinsa shekara ashirin da takwas, ya tashi ya ja mu sallar azahar, ya ƙarasa labarin Rungis, ya ja mu la'asar, ya tambaya ko da sauran gawayi. Sabo ya je wajen Nuriyya sau biyu da dabino a hannu. Sau biyun ta ce ta ƙoshi.

Shida da rabi ruwa ya dawo ya rufe taɓon, kamar yadda takarda ta faɗa. Takardar dai ba ta taɓa yin ƙarya ba. Komawa kuwa sai da muka yi ta kokawa da cikowa, domin ruwan da aka tsara zai kai mu gida ya tafi tun safe ba tare da mu ba.

Mataki na 9: Karɓi sakamakonka

Muna taka gaɓa, tun bai cire rigar ruwa ba, Alhaji ya kira Tahoua, ya buɗe murya kowa ya ji.

"Yaya, kun wuni lahiya? Ina gajiya? To, yaron ga na gama dubanshi. Ɗan mutunci ne. Ya san ruwa na tahiya, ina ganinshi shina ta duban agogo, amma bai iya buɗe baki ya ce mani tashi ba. Ya gwammace taɓo da ya katse mani shayi. A zamanin ga, Yaya, a ƙasar Nasara! Ni dai na ba shi."

Sabo ya durƙusa a wurin, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, hawaye na zubo masa don murna. Ka ga dabara ta yi aiki ko ba ta yi ba?

Washegari a tashar Bordeaux muka sa Alhaji a jirgin Paris, muka tsaya jiran namu. Nuriyya ta juyo ta fuskanci Sabo. Ba ta ɗaga murya ba, ni dai kunnena ne mai kyau.

"Sau goma sha ɗaya ka dubi agogo jiya."

"Nuriyya, ai Baba ne. Ya zan yi?"

"Ka san gaskiyata ce?"

"Na sani."

"Ka sani, ka ce babu sauri, a gabana, har aka yi mani dariya. Taɓo ba komi ba ne, Sabo, na wanke shi. Amma gobe in Hajiyarka ta faɗi wani abu a kaina, ka san ba haka ba ne, ta juyo ta ce Likita mi ka gani, mi za ka ce mata? Ta sha shayinta?"

Sabo ya buɗe baki. Ya rufe. Sannan, Allah shaida, ya dubi agogo.

Da jirgi ya zo, ta nemi wani tarago daban. Bayan mako guda mahaifinta ya kira ta daga Tahoua yana murna, ya ce a tsayar da rana. Ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Babu sauri, Baba."

Yau wata takwas ke nan.

Sanarwar wanke hannu

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin takalmin da ya nutse, ko cizon sauro, ko ciwon kafaɗa, ko duk wani abu da ya sami mai karatu a kan ruwa ko a tasha. Yardar suruki aka yi maka alkawari, ita kuma Sabo ya samu, har da ƙari. Duk Juma'a Alhaji Moussa yana kiransa, "ɗana" yake ce masa yanzu, yana tambayar yaushe za a koma tsibiri, kuma ya ce wannan karon a zo da gawayi busasshe. Koma farkon takardar nan ka duba da kyau, ba inda aka ambaci yardar yarinya.

Nuriyya har yanzu tana tuƙi duk Asabar a Saône. Sabo yakan je ya tsaya a kan gada ya ga wucewarta, bai riga ya sami abin da zai ce ba. In kuwa ka gwada dabarar nan aka zo ana neman wanda za a ɗora wa laifi, kada ka ambaci sunana. Ni shayi kawai aka ce in dafa.